Yadda Ake Hawa Dutse da Bin Korama a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san wurin da hira ke tsayawa a cikin mota. Da an wuce Tsafe an ɗan taɓa tafiya, sai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin na kwance a gindinsa. Yawancinmu kallo kawai muke yi ta taga mu wuce. Ni na daɗe a cikin masu wucewar kafin na fara hawa, kuma tun da na fara na gane cewa abin da ya fi wahalar da mai hawa dutse a ƙasarmu ruwa ne. Ko dai ya yi ƙaranci a jikinka rana ta kayar da kai, ko ya yi yawa a korama ya tafi da kai. Kusan duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga waɗannan biyun.

Fara da tambayar ko hanya lafiya

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ne mataki na farko kuma shi ne mafi nauyi. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara, kuma duwatsu da dazuzzuka su ne mafakarsu. Akwai wuraren da ba a zuwa yawon buɗe ido ko kusa, irin dajin Kuyambana da yankin Ɗansadau, komai kyan da aka ba ka labari. Dutsen da za ka hau ya zama wanda ke jikin gari, wanda yara ke kiwon awaki a gindinsa kullum, mata na zuwa itace suna dawowa.

Ko shi ɗin ma kada ka dogara da labarin makon jiya. Ka je wurin mai unguwa ko mai gari ka yi gaisuwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gusau, muna son hawa dutse mu sauko kafin azahar, in babu damuwa." In ya ce a'a, ko ya yi jim kafin ya amsa, ka yi godiya ka koma gida. In ya yarda, ka roƙe shi ya haɗa ka da ɗan gari wanda ya san dutsen, maharbi ko makiyayi ko ɗan banga, kuma ku yi magana kan abin da za ka ba shi tun kafin ku tashi. Wannan gaisuwar tana da wani amfani kuma: baƙin fuska da jakunkuna a kan dutse abin tsoro ne ga mutanen gari a wannan zamani, gara su san da zuwanku.

A gida ka bar wa wani sunan garin, da sunayen abokan tafiyarka, da lokacin da ya kamata ka kira. Hotuna kuwa a riƙe su, kada a ɗora a Facebook ko WhatsApp sai an dawo gida.

Zaɓen wata da sa'a

Lokacin hawa dutse a wajenmu daga Nuwamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu. An gama girbi, ciyawa ta bushe ta kwanta har kana ganin inda kake sa ƙafa, koramu sun janye, safiya da sanyi. Aibin hunturu shi ne hazo, wanda kan rufe gari har ka kai ƙololuwa ka kasa ganin komai. In kallo ya kai ka, ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba sun fi, domin sama na nan garau.

Maris da Afrilu da farkon Mayu a bar wa bazara. Zafi yakan kai digiri 40 a Gusau har ya wuce, kuma falalen dutse yana shan rana ya riƙa mayar da ita, sai ka zama kamar wanda ke tsakanin murhu biyu. Damina kuma dutse ya fi kyau, ko'ina kore, amma a lokacin ne yake santsi, koramu kuma ba su da amana.

A watan Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe 7 saura, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma. Ku yi sallar asuba, ku karya, ku kasance a gindin dutse da gari ya yi haske. Kafin a ɗaga ƙafa a yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe 10, kuma in ya yi a juyo ko an kai sama ko ba a kai ba. Don ƙiyasi, mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai a ƙara kamar rabin awa ga kowane mita 300 na hawa. In akwai sabon shiga a cikinku, ku ƙara rabin abin da lissafin ya ba ku.

Ruwan sha

Ka fara sha tun daren jiya, ka ƙara da asuba. A kan hanya ka lissafa rabin lita ga kowace awa in da sanyi, kusan lita guda in rana ta yi zafi. Ke nan tafiyar awa huɗu tana son lita 3 ga mutum ɗaya, har da ɗan abin da zai rage don ko-ta-kwana. Ruwan leda ba ya jure jaka, ƙaya ɗaya ta isa ta fasa shi, don haka ka zuba a gorunan roba masu murfi, ka raba su biyu ko uku. In ka naɗe gora da tsumma mai laima, iskar hunturu za ta sanyaya maka ita kamar randa.

Hunturu yana da yaudara. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Kada ka jira ƙishirwa, ka riƙa kurɓa duk bayan minti 20. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi, ka makara da sha. Da ka shanye rabin ruwanka kuwa, tafiya gaba ta ƙare, sauran na komawa ne.

Gumi yana fita da gishiri, don haka ka tafi da haɗin gishiri da sukari irin na kemis, ko ka haɗa da kanka: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan alwala a lissafa shi daban. In ya zamana wanda ya rage na sha ne kawai kuma ana tsoron ƙishirwa, addini ya yi sauƙi, ga ƙasa ga dutse a yi taimama.

Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi. Kilishin kada ya yi yawa, yana jawo ƙishi.

Takalmi da sauran kaya

Silifa da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne suka fi kayar da mutane. Ka sa kambas mai taushin roba da zane a ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi zai yi maka bororo kafin ka kai rabi. Ka yanke farcen ƙafa, domin wajen saukowa yatsu na dukan gaban takalmi. Wando dogo saboda ƙaya da ƙarangiya, riga mai dogon hannu mai haske, malafa ko hular da ke rufe ƙeya, da ɗan ƙyalle na rufe hanci in ƙura ta taso. Babbar riga da jallabiya suna kama ƙafa, a bar su a gida. 'Yan'uwa mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabin da bai wuce gwiwa ba don kada a taka shi.

A jakar goyo, ba ta hannu ba, ka sa tocila, usur, ƙaramar wuƙa, bandeji, filasta, man kaɗanya don leɓe da kaushi, da waya cike da caji. Sanda mai ƙwari wadda ta kai maka ƙirji ta zama ƙafarka ta uku.

Hawan kansa

Ɗan gari a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Ku zama aƙalla uku, don in ɗaya ya ji ciwo wani ya zauna da shi wani ya tafi neman taimako. Saurin tafiya shi ne wanda za ka iya magana ba tare da haki ba.

Duwatsunmu irin mulmulallun nan ne masu faɗin falale, kuma hawansu yana da dabara. Ka ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya, ka tsaya a miƙe nauyinka na kan ƙafafu. Mai tsoro yakan kwanta a jikin dutse yana rarrafe, alhali hakan ne ke sa takalmi ya zame. Taku gajere, kuma kada ka miƙe sama ɗoɗar, ka riƙa karkata dama da hagu yadda awaki ke yi. Inda ya zama dole ka sa hannu, ka motsa gaɓa ɗaya kawai a lokaci guda, sauran ukun na riƙe.

Ka lura da baƙaƙen layukan da ke gangarowa a jikin falale. Hanyar ruwan damina ce, gansakuka ta bushe a kai, kuma raɓa kaɗan ta isa ta mayar da ita kamar sabulu. Ka lura da ɓawon dutse kuma: zafin rana da sanyin dare da ruwa suna sa fatar dutsen ta riƙa ɓarewa fale-fale. Ƙwanƙwasa da sanda, in ka ji yana amsawa kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashi, ka kauce. In ƙafarka ta tunkuɗo dutse, ka ɗaga murya ka ce "Dutse!" don na ƙasa su kare kai.

Kowane minti goma ka waiwaya ka dubi hanyar da ka biyo, domin kamanninta daban ne in an juyo. Ka riƙe alama, wata kuka ko tsamiya ko hasumiyar masallacin gari. Inda hanya ta rabu a kan falale, ɗora 'yan duwatsu uku a kan juna. Kuma kafin ka haye kowane wuri mai tsayi, tambayi kanka ko za ka iya saukowa ta nan. Hawa ya fi sauka sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake samun wanda ya maƙale a sama yana kiran jama'a.

Bin korama

Nan ne zuciyata ta fi so. Da rani korama hanya ce shimfiɗaɗɗiya ta yashi da tsakuwa, ga inuwar ɓaure da marke, ga sawun dabbobi a rubuce tun daren jiya. Wani wuri ruwa ya ƙwaƙule dutse ya yi masa rami kamar turmi, wani wuri ya goge shi sumul. Tafiya a yashi tana cin ƙarfi, don haka ka bi gefe inda ya daskare. Wajen tsallake manyan duwatsu ka gwada kowanne da sanda kafin ka ɗora nauyi, kuma kada ka yi tsalle da jaka a baya.

Da ka shiga, ɗaga kai ka dubi rassan itatuwan bakin korama. Za ka ga busasshiyar ciyawa da kara da leda sun maƙale, wani lokaci sama da kanka. Iyakar ruwan bara ke nan. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi lokaci guda ya taru a kwazazzabo. Saboda haka ana iya yin ruwa can nesa inda ba ka gani, kai kana cikin rana tarwai, sai ga shi ya iso.

Na ga wannan da idona a wani farkon damina. Muna zaune a yashi muna cin gyaɗa, sai dattijon maharbin da ke mana jagora ya miƙe ya ce, "Samari, ku hau gaɓa." Na ce, "Baba, ai ko gajimare babu a kanmu." Ya nuna gabas inda hadari ya yi baƙi can ƙasa-ƙasa, bai ƙara magana ba. Ba mu daɗe da hawa ba muka ji gurnani kamar babbar mota na tahowa, sai ga jan ruwa yana turo itace da kumfa ta daidai inda muka zauna. Tun ranar ba na zama a tsakiyar korama daga Mayu zuwa Oktoba.

Alamun su ne hadari ta wajen da koramar ta fito, sanyin iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwan da ke gudana ya fara gurɓacewa yana ɗauko ganye, ko wannan gurnanin. Ko ɗaya ka gani, ka hau gaɓa mafi kusa nan take, ko da za ka bar jaka. Kada ka gudu ta cikin koramar, ruwan ya fi ka sauri. Kada kuma ka tsallaka ruwa mai gudu in ya kai maka gwiwa. Wanda bai kai haka ba ma yana iya ɗauke ƙafa. Irin wannan ambaliya takan janye cikin 'yan awoyi, a zauna a jira. Waɗanda suka yi fatauci zuwa Agadas sun san haka a duwatsun Azbin, inda ake kiran irin waɗannan hanyoyin ruwa kori: shekara guda a bushe, rana ɗaya su cika baki da baki.

Ruwan da ya kwanta a kwarin dutse kuwa, komai kyansa kada ka sha, kada ka yi wanka. A irinsa ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. A Zamfara akwai ƙarin dalili. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma tafasa ruwa ba ya cire dalma. Duk koramar da ake wanke ƙasar ma'adinai a kusa da ita, ka nisanci ruwanta, ka kuma kula da tsofaffin ramukan haƙa da ciyawa ta rufe.

Maciji, kunama da zuma

Kububuwa ƙarama ce, launinta na tsakuwa, kuma dafinta na hana jini daskarewa. Kasa takan kwanta ba ta gudu. Kada ka sa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, kada ka tsallake dutse ko gungume ba ka leƙa bayansa ba, ka buga sanda a gabanka in za ka ratsa ciyawa. In an yi sara, a kwantar da mutum a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya. Ko da ya ce ya ji sauƙi a tafi, domin dafin kububuwa yakan ɗauki awoyi kafin ya nuna kansa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Kunama tana ƙarƙashin duwatsu, a duba kafin a zauna. Zuma kan yi saƙa a tsagar dutse. In ka ji gunjinta ka ja da baya a hankali, kuma kada ka fesa turare ranar hawa.

In rana ta kama wani

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka da gumi mai yawa su ne farko. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Tafiyarsa ta ƙare, sai gida. Amma in ya fara sambatu, ko tafiya kamar mai maye, ko ya suma jikinsa zau, rai ake nema. A jiƙa shi da ruwa, musamman wuya da hammata da matsematsi, a yi masa fifita, kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa a baki, a kira 112 ko mutanen gari. Ga maniyyata da ke da burin hawa Jabalun Nur a Makka, inda Kogon Hira yake, wannan darasin ya fi shafar ku: tsayinsa ya kai kusan mita 640, ga zafin da ya fi namu.

A sama, da saukowa

Ƙololuwa wurin hutawa ne na ɗan lokaci. A nisanci baki, musamman wajen ɗaukar hoto, domin iska na bugowa ba sallama. In ka ga walƙiya ka ƙirga har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce, kuma in bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka nan da nan, kada a fake a gindin itace guda tilo.

Yawancin duwatsun nan kakanni sun zauna a kansu ko a gindinsu don tsaro, kuma tarihin Kwatarkwashi a ɗaure yake da dutsenta da mikiyoyin da aka san shi da su. Za ka iya cin karo da kufai, tsingaro, ko ramukan niƙa a jikin falale. Ka duba ka bar su inda suke. In jagora ya ce nan ba a shiga, kada ka nemi dalili. Abin da ke ɓata mini rai shi ne sunaye da fenti a jikin dutse da ledoji a tsaga, waɗanda awaki ke haɗiya su mutu. Kowa ya sauko da sharar da ya hau da ita, kuma ba a kunna wuta a busasshiyar ciyawar hunturu.

A saukowa aka fi jin ciwo, domin ƙafa ta gaji hankali ya riga ya koma gida. Ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, sanda a gaba, taku gajere. A kan tsakuwa ka juya gefe kana saukar da ƙafa ɗaya-ɗaya. Inda ya yi tsayi ka juya ka fuskanci dutsen kamar mai sauka daga tsani. A bar tazara tsakanin mutum da mutum, kuma a bi hanyar da aka hau; yanke ta wani kwazazzabo da ba a sani ba yakan ƙare a bakin gaɓar da ba ta sauku.

Da kun iso gari, ku koma wurin mai unguwa ku ce kun sauko lafiya, ku sallami jagora, ka kira gida. Da dare ka duba ƙafafu da ƙwauri ko akwai ƙaya ko kaska, ka wanke bororo ka rufe shi da filasta ba tare da ka fasa ba, ka ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi fari. In kuwa ka shiga ruwan korama, ko da wanke ƙafa ne, sannan bayan wasu makonni ka ga zazzaɓi ko jini a fitsari, ka je asibiti ka gaya wa likita sunan wurin da ranar da ka shiga.